Allura Mai Babbar Kafa

A Garbadu in aka ce Gajere, kowa ya san ɗan dattijon nan ne da ke zama gindin ceɗiya da babbar riga shimfiɗe a cinya. Sunansa na yanka Jibirin, amma ban taɓa jin wani ya kira shi da shi ba sai liman. Katanga ɗaya ta raba gidana da nasa. Ɗinkin hannu yake yi, zanen gaban riga irin su aska biyu da aska takwas, kuma ko sarkin surutu ne ya zauna kusa da shi sai bakinsa ya mutu, ya shagala da kallon zare yana nutsewa yana ɓullowa.

A shekarun da ake aikin dam na Bakolori ne aiki ya yi masa rubdugu. Samari suna dawowa daga lebura, kowa na son rigar da zai ja ƙasa da ita ran Juma'a. A daidai lokacin kuma idonsa ya fara yi masa gardama. Abin nesa yana ganinsa tar, har belbelar da ke sauka a sabbin hanyoyin ruwa. Amma da ya sunkuya kan riga sai zanen ya narke, farin zare ya koma kamar hayaƙi. Ya daina iya zura zare a allura, kuma ya san ranar da maganar ta fita, rigunan za su koma hannun wasu, ya zama tsohon da ake gaisarwa a wuce.

Matarsa Taiba, mai ɗinkin hula, ita ta rufa masa asiri. Kullum da safe sai ta zura masa allurai ta jera a ƙyalle, ya cusa a aljihu ya fita yana ƙasaita. Ni ta kan katanga na gani, na kuwa ja bakina, abin da ba halina ba ne.

Wata Laraba mai shela ya zagaya yana cewa masu allura sun iso, duk mai buƙata ya fito. Farar mota ce ta asibiti, tana tasowa daga Mafara ta bi ƙauyukan masaƙa da maɗinka har Bakura. Ba wai Gajere bai san allurar asibiti ba ne. Amma mutumin da allura ta hana shi sakat, in ya ji an ambace ta, tasa yake ji. Ya naɗe riga ya bi layi, yana ta saƙa yadda zai samu wadda zare zai shige ta ba roƙo.

Malamar asibitin, wata mai fara'a da ake kira Hadizatu, ta gaishe shi har da gajiya da iyali, sannan ta ce, "Baba, mi ka damunka?"

"Lahiyata lau, ɗiyata. Allura nika biɗa, mai babbar kafa."

Ta dubi allurar da ke cikin tasa, ta dubi ƙyallen da ke leƙowa daga aljihunsa. Mu da ke baya har mun fara dariya, amma ita ta danne tata. Ta ce, "Baba, kafar allura ta yi ƙanƙanta ne, ko idonka na ya gaji?"

Wallahi tausayinsa ya kama ni.

Ta jawo wani akwati cike da tabarau, tana ɗora masa ɗaya bayan ɗaya, ta ce ya riƙa duba rigarsa. Can sai muka ga ya daina motsi. Daga baya ya ce mini ji ya yi kamar an ɗauke ruwan sama, kowane zare ya fito ya tsaya a gurbinsa. Ya bi askar da yatsa a hankali, yana murmushi, har ya zo wani wuri ya tsaya. Ɗinkin wurin ya fi nasa ƙanƙanta, an ja shi irin jan masu hula. Ya ƙara gaba ya sake ganin irinsa, ya kuma gani. Ashe duk inda ya karkace, in ya tafi masallaci Taiba ke warwarewa ta mayar, ba ta taɓa ce masa uffan ba.

Bai faɗa mata ya gane ba. Ya nuna mata tabarau, ta yi masa barka, ta ce yanzu kam ta huta. Muryarta sai ta yi mini wani iri.

Washegari ina alwala na hango shi ta kan katanga yana laluben aljihu. Tabarau na ciki, don na ga gefen gilashin ya leƙo. Ya miƙa mata ƙyallen da zare ya ce, "Taiba, wanga gilashi bai iya zura zare ba. Zura mini."

Har ya bar duniya ita ke zura masa allura, shi kuma ba ya sa tabarau sai ya kai gindin ceɗiya.