Batirin da Na Shanya a Rana

Shekarar da sojoji suka koma bariki, kowace mazaɓa a Wudil sai da ta yi wa kansilanta walima. Lokacin ina da lasifika biyu da rikoda ɗaya, ina ji da kaina kamar ni na ƙirƙiro sauti. Yayan kansilanmu, wani malami da ya yi karatu a Turai, ya ce in walimar ta yi kyau, duk taron mazaɓa ni zan riƙa yi. In ta ɓaci, akwai mai lasifika a Sabon Gari yana jira.

Sai ya miƙo min kaset. Kiɗan Turawan da ne, na kakannin kakanninsu, goge a kan goge kamar an tara masu gogen duniya a ɗaki ɗaya. Da shi yake so kansila ya shigo fili, tsohon mai gogen unguwarmu kuma ya bi su da nasa, kada dattawa su ce an yar da na gida.

Kwana uku muna gwaji a shagona, rikoda a jone da wuta. Tsohon ya ɗaure tsirkiya, ya sassauta, har muryar gogensa ta hau daidai kan tasu. Ya ce, "Su waɗannan ba sa numfashi ne? Gudu suke kamar an biyo su." Amma ya kama takunsu.

Filin walimar babu wuta. Lasifika suna da batirin mota, sai da safe na tuna rikoda ma tana son nata. Na kwaso tsofaffin batira na shanya a kan kwanon shago, yadda kowa ke yi, na ce rana ta farfaɗo da su.

Kansila ya sauko daga mota, na danna. Da farko lafiya lau. Bai kai tsakiyar fili ba na ji Turawa sun fara jan ƙafa. Sautin ya yi ƙasa, ya yi kauri, kamar kukan shanu a kara ranar kasuwar Juma'a. Gogen tsoho yana can sama inda muka ɗaure shi, su kuwa suna nutsewa. Gumin da na yi ya isa a yi noman rani da shi.

Tsohon ya harare ni. "Kai ɗan nan, me ka yi musu?"

"Baba, don Allah ka bi su."

"In bi su ina? Maƙabarta?"

Ya dai bi su. Ya sassauta tsirkiya, ya rage hannu. Kansila da ke tafiya da kiɗan shi ma ya rage, yana taku ɗai-ɗai, kujerar da zai zauna kamar can garin Achika aka ajiye ta don nisa. Ina ta salati a zuci, ina satar kallon malam. Ko motsi bai yi ba.

Saura taku kaɗan rikoda ta yi shiru. Tsohon bai tsaya ba, ya ja kiɗan shi kaɗai, ya mayar da shi gudunsa na gaskiya har kansila ya zauna. Fili ya ɗauki tafi.

Bayan an watse malam ya zo ya zare kaset ɗinsa, ya hure shi, ya sa a aljihu.

Ya ce, "Taron sati mai zuwa ka kawo lasifika, ka taho da Baba. Rikodar nan kuwa kada in ƙara ganinta."