Karnukan Bature da Baba Isiya a Wadi Hanifa

Har gobe ban mance da wata safiyar Juma'a ba, a tsakiyar zafin Riyad. Ni direba ne a iƙamata, wato takardar zama, kuma direban na gaya wa mutanen gida. Amma da bazara ta kama, Baturen da nake wa aiki ya haɗa ni da karnukansa biyu, Maks da Lulu, wai in riƙa kai su shan iska. Ni ɗan Gumel, da gemuna!

Aikin yana da ƙa'ida. Ana idar da asuba za ka fita, ka ɗora bayan hannu a ƙasa. In ta ƙone ka, to za ta ƙone tafin kare. Ka riƙe gorar ruwansu da leda. Ledar nan ta kwashe kashi ce, kada ku tambaye ni.

Ranar nan muna bin hanyar bakin rafin Wadi Hanifa, ƙarƙashin bishiyoyi, sai na hango Baba Isiya zaune kan dutse yana jan carbi. Shi ne dattijon ɗakinmu a unguwar Manfuha, mai kula da sito in ji shi, kuma satin nan zai tafi Gumel. Duk abin da ya gani, a kunnen Innata zai sauke. Ban yi wata-wata ba na saki igiyoyin, karnuka suka faɗa cikin ciyawa, na cusa leda a aljihu.

"Baba, ina kwana?"

"Lafiya lau, Habu. Me ya fito da kai?"

"Motsa jiki, Baba."

"Madalla. Ni ma zikiri na zo yi, ɗakin nan hayaniya ta yi yawa."

Sai gumi yake, yana waige-waige. Ni ma haka. Can sai ga Maks da Lulu a guje, jiƙe sharkaf, suka zo suka zauna a ƙafata suna kaɗa wutsiya. Na ce shi ke nan, na kaɗe. Ashe da ta uku a bayansu, wata 'yar fara mai gashi, an ɗaure mata jan ƙyalle a ka, tana jan igiyarta. Ko kallona ba ta yi ba, ta yi tsalle ta haye cinyar Baba Isiya.

Ya kalli nawa, na kalli tasa. Ya mayar da carbi aljihu, ya yi gyaran murya.

"Habu, kana da ragowar leda? Tawa ta ƙare."

Na zaro na miƙa masa da hannu biyu.

Da ya isa Gumel, Inna ta kira ni tana ta sa albarka, wai Baba Isiya ya ce manya nake ja a Riyad, har biyu. Wallahi bai yi ƙarya ba. Tun daga ranar, in ɗan'uwa a Manfuha ya ce mini sito yake tsaro, sai in ce Allah ya taimaka, ba na tambayar wane sito.