Mangalar Jakin Iya

Kakar bara dawa ta yi kyau a ƙauyenmu Balan, amma ni ban ji daɗin shekarar ba. Autata Rabi tana Kano. Likitar yara ce, tana kuma duba 'yan wasan da suka ji rauni, sannan ita ma ƙwallon kwando take bugawa a wata ƙungiya. Sai ta bugo waya, wai ta faɗo a kan gwiwa ta kumbura, kuma gobe da yamma tana da yara a asibiti.

"Inna, kar ki damu, ni ma fa aikina ke nan," in ji ta, tana dariya. Na ji dariyar ba ta kai ciki ba.

Na ƙudura in je in ce ta ajiye ƙwallon nan, tun ba ta rasa ƙafar ba. Ina cikin haɗa kaya da magariba, sai Iya ta faɗo mini a rai, kakata, Allah ya jiƙanta.

Muna yara, lokacin girbi, takan hura wutar kara a tsakar gida, ta zube mana gyaɗa. "Hannu na ɓara, kunne na wajena. Mai gyangyaɗi ba shi da rabo." Wani dare ta ba mu labarin wata yarinya da aka aika kasuwa da jaki, mangala cike, gero a gefe ɗaya, wake a ɗayan. A hanya jakin ya soma ɗingishi. Tausayi ya kama ta, ta juye geron a gindin marke. Taku kaɗan mangala ta karkace, ta zame, ta ja jakin ya durƙusa, wake ya watse cikin yashi.

"To Iya, da yaya za ta yi?" na tambaya.

"Ke da tambaya. Sauke duka za ta yi, ya sha ruwa, ya huta, ta mayar masa."

A lokacin asarar waken ce kawai ta ba ni haushi. Sai da magaribar nan na tuna Rabi ta taɓa gaya mini, ran da wani yaro ya rasu a hannunta, filin wasan nan ne ya sa ta iya komawa aiki washegari. In na cire mata shi, ban san ina za ta karkata ba. Tsoron ƙafar kuma bai bar ni ba.

Da gari ya waye na ɗaure man shanu da garin kunu, na shiga motar Kano. Na tarar da ita tsaye a kan ƙafa ɗaya, tana neman takalmin zuwa aiki. Na ɗauke takalman, da na asibiti da na wasa, na tura ƙarƙashin gado. Na miƙa mata wayarta na ce ta gaya wa mutanen asibiti da na ƙungiya yau ba ta zuwa, na zauna a bakin ƙofa.