Ranar da Alƙali Gyangyaɗi Ya Ƙi Barci

Shekara talatin da ɗaya Malam Ɗanlami ya yi yana masinja a wata kotu a Bungudu. Shi ke kai sammaci, shi ke kiran suna a bakin ƙofa, shi ke goge kujerar alƙali da safe. Da ya yi ritaya ya dawo Gusau, ya zauna a Damba, katanga ɗaya ta raba mu.

Mutum ne mai ido. In ya kalli baƙo sau ɗaya, zai gaya maka ƙafar da yake ɗingisawa da aljihun da yake yawan taɓawa. Ga iya kwaikwayo. Wata rana a wurin ɗaurin aure ya kwaikwayi wani tsohon alƙali mai barci ana tsakiyar shari'a, sai Mannir, wani mai shirya wasannin talabijin, ya yi dariya har hularsa ta faɗi. Daga nan aka fara Kotun Gyangyaɗi, Malam ne ke fitowa a alƙali.

Duk Juma'a da la'asar ake nuna shirin. Alƙali zai zauna da takalmi ƙafa ɗaya, lauyoyi biyu su yi ta musu kan akuyar da ta cinye takardar gado, shi kuwa yana ta gyangyaɗi. Can sai ya farka a firgice ya yi tambaya guda, ita ce ke warware maganar. Ba a rubuta musu labari. Malam ke tsinto shi a tasha ko a bakin masallaci, kuma yana da ƙa'ida: a canza suna, a canza gari, a canza kama.

Bayan shekara biyar Mannir ya ce zango na shida shi ne na ƙarshe, domin gwiwar Malam ta fara gardama.

Malam yana da ƙanwa, Kulu, uba ɗaya. Shekara arba'in ke nan da aurenta a wani ƙauye bayan Tsafe, har mutanen can sun manta tana da wa a birni. Tun da hanya ta lalace saboda 'yan bindiga ya daina shiga ƙauyen. Ita ke fitowa Tsafe farkon kowane wata karɓar maganin hawan jini, su haɗu a gindin wata dalbejiya kusa da asibiti. A nan ta ba shi labarin mai gidan burodin garinsu. Gari gida arba'in, amma abin da yake gasawa ya ciyar da unguwa guda a Gusau, kuma babura ke kwasa su nufi daji, inda ba gari. Ta ce rani da damina ba ya rabuwa da takalmin ruwa ruwan ɗorawa.

"Yaya, wannan tsakanina da kai ne," in ji ta.

Ya canza suna, ya canza gari. Takalman ne suka fi ƙarfinsa. Da kansa ya je Sabon Gari ya sayo irinsu, ya miƙa wa Kamilu, wanda zai fito a mai burodi.

A ɗakin Malam muka kalla. Alƙali ya farka, ya dubi takalman, ya ce, "Gida arba'in, burodi buhu goma. To sauran fa, aljanu ke shan shayi?" Muna jin dariyar maƙwabta ta katanga. Kafin magariba abin ya shiga wayoyin mutane.

Na ce, "Malam, takalman nan daga kanka suka fito?"

Ya daɗe yana gyara zaman hularsa, sannan ya gaya mini duka.

Kwana uku bayan haka, da hantsi, ya tarar da leda a bakin ƙofarsa. Burodi biyu ne, da sauran taushinsu. Ba wanda ya ga mai ajiyewa.

Ranar Juma'a muna fitowa daga masallaci wani mutum ya tare mu, tsaf da shi, farar shadda da carbi. Ya rusuna.

"Allah gafarta Malam, alƙalinmu! Mutanenmu na jin daɗin wasan nan ƙwarai. Sai dai sun ce shari'ar mai burodi ba ta cika ba."

"Mi ya rage?" in ji Malam.

"Ba a kira mai shaida ba. Ai wani ne ya ga takalman."

"Wasa ne, ɗana."

"Mun sani, Baba. A faɗi sunan, ko cikin wasan ne. Saura Juma'a biyu ku rufe, ko?"

Ya yi mana sallama mai kyau, ya shige cikin jama'a.

Mannir ya ce a dakatar da shirin kawai. Malam ya ƙi. Ya ce wanda bai samu amsa a talabijin ba, zai neme ta a hanyar Tsafe, ya zauna ya ga wa tsoho ke zuwa gaisarwa duk wata.

Juma'ar ƙarshe aka dawo da shari'ar mai burodi. Lauyoyi suka yi ta hayaniyarsu, ɗaya ya buga tebur ya ce a kira mai shaida. Kowa na jiran alƙali ya sunkuyar da kai yadda ya saba. Bai yi ba. Ya kwance rawani ya ajiye a kujera, ya sa ɗaya takalminsa, ya sauko ya tsaya inda masu shaida ke tsayawa.

"Sunana Ɗanlami, tsohon masinja. Ni na ga takalman da idona a kasuwa, ni na bi baburan da kallo. Ba wanda ya gaya mini komai. Mai sauran tambaya ya san ƙofata."

Kamilu ya tsaya baki buɗe, don ba haka suka shirya ba. A nan aka rufe. Mutanen gari suka ce tsohon ya iya bankwana, har yau wasu na dariyar abin.

Wata bakwai ke nan. Malam bai sake hawa motar Tsafe ba. Ya goge lambar Kulu daga wayarsa, ya hana matarsa kiranta. Yana zuwa masallaci, yana dawowa, ba ya zama ƙofar gida da jikoki kamar da. Ledar na zuwa duk Juma'a da hantsi. Ko kaji ba ya ba. Rami yake haƙawa a bayan gida ya binne.

Farkon watan nan wata hidima ta kai ni Tsafe. Na bi ta gaban asibiti. Wata tsohuwa na zaune a gindin dalbejiya da ledar magani a cinyarta, tana duban kowace mota da ta fito daga Gusau. Ban tsaya ba, ban gaishe ta ba.

Da na dawo na same shi yana alwala. Bai tambaye ni komai ba. Na ce, "Malam, dalbejiyar nan tana nan, da inuwarta."

Ya tsaya da buta a hannu har ruwan ya ƙare a ƙasa. Sannan ya ce, "Alhamdu lillahi," ya tashi ya tura ƙyaure.

Jibi Juma'a ce.