Ranar da Sabo-Fil Ya Ɓare Leda

Sabo-Fil katifa yake sayarwa, kuma tun yana saurayi sana'ar ta koya masa abu guda da ya riƙe gam: da zarar leda ta yage, katifa ta zama ta hannu, ko da ƙuda bai taɓa sauka a kanta ba. Da a katifa ya tsaya, da da sauƙi. Amma bawan Allahn nan sai ya kwaso dokar shago ya kai gida. Rimot ɗin talabijin a leda yake. Ƙofar firij tana nan da ledarta ta kamfani, har ta yi ja don tsufa. Kujerun falo kuwa, waɗanda ya saya shekarar da aka haifi 'yar autarsa, suna naɗe cikin wata leda mai kauri. Baƙo in ya zauna lokacin zafi, sai ya tashi da ƙara kamar an ɓare filasta. In kuma yadi mai santsi ya sa, yana cikin gaisuwa zai yi ta zamewa a hankali har gwiwarsa ta daki tebur. Ko me ka tambaye shi lafiyarsa, mota ce ko butar shayi, amsarsa ɗaya ce: "Sabo fil!" Da haka sunan ya bi shi, na yanka ya ɓace.

Matarsa ta yi faɗa, ta yi lallashi, ta gaji. Hali zanen dutse, ta ce, ta sayi tabarma ta koma zama a ƙasa.

Bayan leda, abu biyu Sabo-Fil yake so a duniya. Na farko ɗaukar 'ya'yansa a bidiyo, tun zamanin kyamarar kaset har zuwan waya. Na biyu kuwa sirri ne, a ganinsa: wasan ƙwallo a tsohuwar kwamfutar tebur da babban ɗansa ya bar masa. Bayan abincin rana sai ya rufe ɗaki ya ce aiki zai yi. Matar ba ta taɓa tanka masa ba, ko da yake ba ta san wane irin aiki ne mutum ke yi yana ihun "Buga mana, raggo!" ba.

To, sai Auta ta samu aikin nas a wani gari mai nisa, aka sa ranar Asabar za ta tafi. Ana cikin cin abinci Sabo-Fil ya ajiye cokali, ya yi gyaran murya, ya ce zai haɗa duk bidiyonta, tun daga rarrafe har ranar karɓar takardar kammalawa, ya mai da su fim guda ta tafi da shi. Idon Auta ya kawo ruwa.

"Baba, da gaske?"

"Na taɓa yi miki alkawari na saɓa?"

Kwamfuta ce ta ce ba da ita aka yi alkawarin ba. Ya loda mata bidiyo, ta fara nishi. Auta 'yar jaririya za ta ɗaga hannu ɗaya ta yi rarrafe, sai ta daskare a haka, har shayinsa ya huce ba ta sauke hannun ba. Dama haka ɗan wasansa na gaba yake yi masa, ya daskare a bakin raga, sai dai wannan ƙorafin ba na faɗa a gida ba ne.

Washegari ya rungumi akwatin kwamfutar zuwa shagon mai kwamfuta. Matar ta yafa mayafi ta bi shi, don ta san in aka bar shi shi kaɗai, abin da ya fi ƙyalli zai kwaso.

Mai kwamfuta ya buɗe ya leƙa, ya ce furosesa ne ya tsufa, wato ƙwaƙwalwar injin. Ya ɗauko kwali biyu ya ajiye.

"Waɗannan biyun ne kawai za su zauna a allon injinka. Wannan, ka ɗauka ma'aikata kaɗan ne a cikinsa amma 'yan gudu ne, masu wasan kwamfuta shi suke nema. Wannan kuma ma'aikatansa sun fi yawa, kowa ya ɗauki nasa kason, shi ne na haɗa bidiyo. Me ka fi yi da ita, ranka ya daɗe?"

"Bidiyo," in ji Sabo-Fil da ƙarfi, don kowa ya ji. Idonsa kuwa yana kan ɗaya kwalin. Da matar ta juya tana kallon wani belun kunne, ya sunkuya ya yi raɗa: "Shi wannan na bidiyon, in wani yaro ya zo gidan, a misali, ya ce zai buga ƙwallo fa?"

"Yaron mai furfura ne," in ji matar, ba ta ko juyo ba. "Ka faɗa masa gaskiya."

Mai kwamfuta ya danne dariya ya ce na bidiyon ma zai buga ƙwallo lafiya lau, sai dai bai kai ɗayan zafin nama ba. Sabo-Fil ya dubi kwalin 'yan gudu, ya tuna hannun Auta a sama, ya tura kwalin gefe. A ba shi na bidiyo. Aka haɗa masa da sabuwar fankar da ke zama a kan furosesan tana shanye zafinsa.

Mai kwamfuta ya ce bari ya ɗaura masa, ya kama bakin kwalin fankar zai yaga da haƙori. Sabo-Fil ya fizge abinsa kamar an taɓa masa jariri. Mutumin da ke buɗe sabon kaya da haƙori ba zai taɓa masa inji ba. Ya sa aka yi masa bayani dalla-dalla: a zaunar da furosesa a hankali, a ɗiga masa ɗan wani mai mai launin toka kamar ƙwayar wake, a ɗora fanka, a ɗaure.

A gida ya bi bayanin nan tsaf, har da wanke hannu. Da ya juya fankar, sai ya ga ƙarfen ƙasanta yana walƙiya, an manna masa wata siririyar leda mai jan rubutu, wai a cire kafin a ɗaura. Sabo-Fil ya yi murmushin wanda ya daɗe a kasuwa.

"Haka suke rubutawa duka," ya ce wa kansa. "Don abu ya tsufa da wuri ka koma ka sayi wani. Ba dai ni ba."

Ya ɗaura ta da ledarta.

Da farko abin gwanin sha'awa. Auta ta sauke hannu, ta yi rarrafe, ta miƙe, ta shiga makaranta. Yana ganin ya gama da duniya, sai fanka ta fara kuka kamar injin niƙa, kwamfuta ta yi ɗif. Ya kunna, ta yi aiki kaɗan, ta sake mutuwa. Ya cire murfin gefe. Ya jawo fankar tsaye ya saita mata. Ya ajiye kwanon ƙanƙara a gabanta. Daga ƙarshe ya durƙusa yana yi mata fifita da murfin kwali, gumi na ɗiga daga haɓarsa. Ya kira mai kwamfuta, waya a kashe. Ga shi Juma'a ta yi, rana ta karkata.

Auta ta leƙo da rigar da take ninkewa a hannu. "Baba, ka bar shi haka nan. In ya yi daga baya sai ka turo mini."

Maganar nan ta soke shi. Ya san "daga baya" sarai, da ita ya yi ta sallamar yaran nan tun suna ƙanana. Tsoro ya kama shi, tsoron kada 'yarsa ta bar gidan da alkawarinsa a buɗe.

Sai ga matar ta shigo. Ba ta san komai game da kwamfuta ba, amma ta san mijinta. Ta kai bayan hannunta kusa da injin, ta janye da sauri.

"Wannan zafin na san shi. Zafin kujerar falo ne." Ta dube shi. "Baban yara, akwai leda a ciki?"

"'Yar ƙarama ce."

"Ka cire."

"Sabuwa ce fil, ko tabo..."

"To zaɓi. Ko ledar, ko Auta."

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ya kwance fankar, ya sa farce a gefen ledar, ya rufe ido ɗaya, ya ja. Ta yi ɗan sauti siit, shi kuma ya yi ajiyar zuciya kamar an cire masa haƙori. Ya goge, ya ɗiga sabon mai, ya ɗaure. Kwamfuta ta tashi shiru, ta yi aiki har ƙarshe ba ta ko yi tari ba.

Da yamma suka zauna kallo, uwa da 'ya a tabarma, shi a tsaye riƙe da rimot. Ga Auta da ƙyar take tafiya, ta hau kujera ta zame ta faɗo, ta sake hawa ta sake zamewa. Ga ta a kan keke mai leda har a sirdi, ana jin muryarsa daga bayan kyamara: "A hankali, kar ki goge shi!" Ga ta rungume da 'yar tsana, amma a cikin kwalinta, tana yi mata magana ta tagar roba. Uwa da 'ya suka yi ta dariya har da hawaye. Sabo-Fil bai yi dariya ba. 'Yar tsanar nan tana kan kwabarsa har yau, ba a taɓa buɗe ta ba, mai ita kuma gobe za ta hau mota.

Da safe an fitar da akwatuna, direba ya iso, aka nemi Sabo-Fil aka rasa. A falo suka same shi, durƙushe da almakashi, yana yanka ledar babbar kujera daga gefe, a kan layi, kamar tela. Da ya yaye ta, duk suka yi cirko-cirko.

"Koriya ce?" in ji matar. "Ni duk shekarun nan na ɗauka ruwan ƙasa ce."

"Zo ki zauna, Auta," ya ce.

Ta zauna a ɗarare, tana jiran ta zame. Ba ta zame ba. Ta shafa hannun kujerar, ta ɗan nutse a ciki.

"Baba, ashe laushi gare ta."

Direba ya danna ham a waje. Matar ta ce za su makara.

"Bar shi ya jira," in ji Sabo-Fil. Ya miƙa wa Auta kwalin 'yar tsanar da almakashin, ya zauna kusa da ita. Auta ta cire takalmi, ta naɗe ƙafafu a kan kujerar, ta fara yanka.