Ledar Bakin Tanki

Da aka raba gadon mahaifinmu, ni aka ba gonar Rimaye, ƙanena aka ba motar. Kowa ya ce ni na dace, don motar ta daɗe a ajiye a ƙofar gidanmu na Kankia, har kaji na saka ƙwai a kujerar baya. Amma a cikinta na koyi tuƙi, na kuma yi shekaru ina direba. Shi kuwa malamin firamare ne, ko sifana bai iya riƙewa ba.

Sai ga shi ya tada ta. Kullum in ya taso daga makaranta zai shimfiɗa buhu ya shige ƙarƙashinta. Ya wanke filogi, ya sake tiyo, ya goge fenti da tsumma har mutum na ganin fuskarsa. Ranar da injin ya kama, unguwa ta taru. Innarmu ta fito har ƙofar zaure, ta shafa bonet, ta ce, “Kai ne ɗan babanka.” Ina tsaye ina murmushin yaƙe. Nan ta roƙe shi ya kai ta Dudunni, can ƙasar Kusada, ta ga yayarta da ke kwance ba lafiya.

Matsala ɗaya ta rage. Motar takan tashi lafiya, ta yi tafiya kaɗan, sai ta fara fizga ta mutu. In an bar ta jim kaɗan ta sake tashi.

Ranar da na leƙa na gane dalilin. Ya ninka leda ya toshe bakin tanki kafin ya ɗaura murfi, wai kada rana ta shanye masa fetur, kamar yadda masu sayarwa a kwalba ke yi. Tanki kuwa in bai sha iska ba, mai ba ya sauka. Da yatsa biyu ake gyara wannan.

Ya ɗago da baƙin mai a goshi ya ce, “Yaya, mi ka gani? Kai ne tsohon hannu.”

Na ce, “Malam, ai ku ne masu ilimi. Amma ni dai kafireta nake zargi.”

Sau uku ya kwance kafiretar nan ya wanke, ina zaune a inuwa ina kallo. So nake ya gaji ya ce in karɓi motar.

Ranar tafiya ya ce in zo mu je, na ce ina da aiki a gona. Ba su kai Kusada ba motar ta mutu. Ta tashi, ta sake mutuwa. Inna ta wuni a gindin bishiya da ƙullin furar da ta yi wa yayarta, ƙafafunta sun kumbura, ba ta iya hawa babur. Da la'asar wata akori-kura ta jawo su gida. Aka sa za a sake shiri ranar kasuwa, kafin nan saƙon rasuwar yayar tata ya iso.

Ban faɗa masa maganar ledar ba sai bayan ita ma Inna ta rasu. Bai yi faɗa ba. Ya je ya zare ledar, ya daɗe yana kallonta, sannan ya ce, “Yaya, da ka ce kana so, ai da na ba ka. Ita fa Inna mi ta yi maka?”