Bangon Ɗakin Malam Labaran

Shekara goma sha huɗu muka yi da Malam Labaran a ɗakin malamai ɗaya, a wata sakandare kusa da Tiga, shi yana koyar da lissafi, ni ina koyar da Hausa. Dogo ne mai sanyin magana, irin mutumin da za ka gaishe shi da safe ya amsa maka da azahar. Ya fara digiri na biyu a Zariya, mahaifinsa ya rasu a 1984, ya dawo gida ya riƙe gona da ƙanne. Jikinsa ne ya dawo. Hankalin kam yana can wurin wani fannin lissafi da ake kira kobodizim.

Wata rana da yamma muna bakin dam ɗin Tiga, na ce ya yi mini bayaninsa da Hausar mutane. Sai ya nuna wani tsibiri mai tudu biyu.

"Malam Habu, da rani gaɓar wancan zagaye ɗaya ce. In ruwa ya cika sai ya rabu, gaɓa ta zama biyu. To gangaren da ruwan ya hau, shi ya haɗa ɗayan da biyun. Duk siffofin da suka zama bakin abu guda, 'yan'uwa ne a wurinmu."

Na ce to Allah ya bar zumunci. Ya yi murmushi, ya ci gaba da kallon ruwa har masunta suka janye jiragensu.

A 1998 wani abokin karatunsa, Mainasara, ya aiko masa da takardu daga Turai, shafi arba'in. Wai masana sun fara gina wannan zumunci da aljabara zalla, babu tudu babu gangare, a wani sabon fanni mai suna motibik homotofi. Sai dai takardun sun iske idonsa ya fara tafiya. Likita a Kano ya ce hawan jinin ido ne, abin da ya tafi ba ya dawowa. Malam bai yi ƙorafi ba. Burinsa guda ne, ya kai ƙarshen takardun nan ya gane su kafin duhu ya rufe shi.

Turancin ni nake karanta masa. Alamomin lissafin kuwa sai ya gani da ido, ga su ƙanana kamar tururuwa. Matarsa Barakatu, wadda iyakar karatunta yaƙi da jahilci, ita ta samo dabara. Ta ɗauki gawayi ta riƙa zana su a bangon ɗakinsa, kowace alama kamar tafin hannu.

"Malam, wannan mai kama da lauje, sama yake kallo ko ƙasa?"

"Ƙasa, Barakatu. Ki ja masa wutsiya."

Ba a goge komai, don kowane layi yana jingine da na baya. Wata bakwai suna yi, har bango huɗu suka kusa cika. Sai ka shiga ka same shi a tsaye, hancinsa kusa da bango, yana bin kibiyoyi da yatsa yana murmushi kamar mai kallon gonar da ta yi kyau. Ban gane ko ɗigo ba, amma ina son zama a ɗakin nan.

Ana saura kwana uku ƙaramar Sallah, ni da Barakatu muka raka shi asibiti Kano. A bayanmu yayarsa Saude ta zo daga Ɗansoshiya. Ta leƙa ɗakin ƙaninta ta gan shi baƙi ƙirin kamar madafi, ga Sallah ta ƙarato. Ta yi abin da kowace macen kirki take yi a irin wannan lokaci: ta jiƙa farar ƙasa, ta shafe bangon tas, har hannu biyu.

Da muka dawo ta tare mu da fara'a, tana jiran yabo. Barakatu ta leƙa ciki, ta zauna daɓas a bakin ƙofa, hawaye na zuba. Ni kuwa raina ya ɓaci, amma wa zan yi wa faɗa?

Malam ya shiga, ya shaƙi ƙamshin danyar ƙasa, ya dafa bangon da tafin hannu.

"Sannu da aiki, Yaya. Allah ya saka da alheri."

Sannan ya juya wajen da yake jin shessheƙar matarsa.

"Daina kuka, Barakatu. Tun farkon azumi ban ƙara ganin ko layi ɗaya ba. Ban faɗa ba ne don kada ki daina."

Shafi uku suka rage a lokacin. Ya ce in karanta masa su, na ɗauko takardun na zauna kusa da shi.